'Yar kwalbar garin taba ta Caina mai sassaƙa: da gaske ta zamanin Qianlong ce?

Abban_Sadiq ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin tsofaffin kaya a taimaka min da haske. Ina Beijing yanzu haka, aiki ne ya kawo ni, to ran Asabar wani abokin aikina ɗan ƙasar ya ja ni wata kasuwar tsofaffin kaya, ni da niyyar kallo kawai na je amma kun san hali, ido ya gani rai ya biya. Na sayi wata 'yar kwalba irin wadda mutanen Caina na da suke zuba garin taba a ciki suna shaƙa, battar tabarsu kenan dai.

Tsayinta bai wuce santimita 6 ba, tana ɓacewa a tafin hannu. Jikinta gilashi ne fari-fari haka mai ɗigo-ɗigo da 'yan kumfa a ciki, sai kuma jan gilashi a kai da aka sassaƙa jemagu biyar da wani 'ya'yan itace da ganyensa, in ka shafa da yatsa kana jin tudun jan. Murfin kore ne, a jikinsa akwai wani ɗan siririn cokali fari da yake shiga har kusan ƙasan kwalbar. A gindinta an yi rubutunsu harafi huɗu, mai kayan ya ce sunan sarki Qianlong ne wai a zamaninsa aka yi ta, kuma wai daga gidan kakansa ta fito. Yuan 3,000 ya fara ce min, muka yi ta ja har ya sallama a 800, yana ta dafe ƙirji wai na cuce shi. A ciki har da sauran garin taba ruwan ƙasa ya manne a bango, tana ma ƙamshi.

Tambayoyina: shi jan nan manna shi aka yi da gam ko yaya aka yi ya hau kan farin? Ta yaya zan gane ko tsohuwa ce da gaske? Sannan zan iya wanke cikin da ruwa da omo ko a'a? Na gode, Allah ya saka.

Dan_Harka88 ya rubuta:

Wslm. Kai Abban Sadiq ka tsinci dami a kala wlh. Ni abin da na sani in dai ka ga kumfa a cikin gilashi to tsoho ne, don mutanen da ba su da injin da zai fitar da iska, na yanzu kuwa tas yake fitowa. Ga kuma sauran taba a ciki ga sunan sarki a gindi, me kuma ake jira. Ka san a 2011 an yi gwanjon irin kwalbar nan guda ɗaya tal a Hong Kong ta haura dalar Hong Kong miliyan 25? Kar ka wanke, kar ka bari kowa ya taɓa, naɗe ta a auduga ka ɓoye. In ta fashe da kai a tuna da mu dai, mu ne muka fara yi maka murna.

Baba_Mai_Kwalabe ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan Harka sannu da gaggawa, bari yaron nan ya sha ruwa tukuna kafin ka sa shi ya fara lissafin miliyoyi. Maganar kar ya wanke ɗin ce kawai na yarda da ita.

Abban Sadiq, bari in fara da tambayarka ta farko don in ka gane yadda ake yin abin, sauran zai zo maka da sauƙi. Babu gam a wurin ko kaɗan. Ana fara hura kwalbar ciki, wato farar, tun tana da zafi sai a tsoma ta cikin narkakken jan gilashi ya lulluɓe ta gaba ɗaya, su haɗe su zama jiki guda. In kala da yawa ake so, sai a ɗiɗɗiga kowace kala a inda za a buƙace ta, kore nan, shuɗi can, ruwan ɗorawa can. Daga nan a bar ta ta huce a hankali a hankali, domin in gilasan biyu ba su yi daidai wajen tsukewa ba tsagewa za ta yi tun kafin a taɓa ta. To bayan ta huce ne ainihin aikin yake farawa: a cinye jan duka a bar iya jemagun da ganyen, har farin ƙasa ya bayyana. Kenan jemagun da kake shafawa ba ɗora su aka yi ba, su ne abin da ya rage.

Kuma ba da wuƙa ko kurfi ake yi ba. Kayan aikin masu sassaƙa jed ne, wani dutsen ado mai tauri, ɗan faifan ƙarfe da ake juyawa da ƙafa, ana zuba masa jiƙaƙƙen yashi mai tauri, yashin ne yake cin gilashin ba ƙarfen ba. Aiki ne na haƙuri, kuma duk inda mai yi ya gaji ko ya yi ha'inci sai ya nuna a jikin kwalbar. Riƙe wannan, nan ne amsar tambayarka ta biyu take.

Tarihin a gurguje. Taba ta shiga Caina wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta hannun Turawa masu fatauci, garin shaƙa kuma ya samu shiga fada a zamanin daular Qing, wadda ta yi mulki daga 1644 zuwa 1912. Suna ɗaukarsa magani ne, na mura da ciwon kai da ciwon ciki, har suna haɗa shi da na'a-na'a da kafur da furanni. Turawa a 'yan akwatuna suke zuba nasu, amma akwati ba ya rufuwa ruf, danshi sai ya lalata garin, shi ya sa mutanen Caina suka koma kwalba mai ƙaramin baki da toshiya, da ɗan cokalin ɗiba. A 1696 sarki Kangxi ya kafa masana'antar gilashi ta fada nan Beijing inda kake, ya ɗora wani limamin Kirista Bajamushe mai suna Kilian Stumpf a kanta. Abin ya ci gaba a zamanin ɗansa Yongzheng, ya kai ƙololuwa a zamanin jikansa Qianlong, 1736 zuwa 1795. Sarki yakan raba kwalaben nan kyauta ga hakimai da jakadu, daga nan masu kuɗi suka ɗauka, aka samu masana'antu masu zaman kansu a Beijing da Yangzhou, ga kuma garin Boshan a lardin Shandong da ya daɗe yana narka gilashi. Jan da fada ta yi suna da shi da ɗan zinari kaɗan ake haɗa shi, dabarar daga Turai ta zo.

Yanzu ga hujjojin Ɗan Harka guda uku, ɗaya bayan ɗaya.

Kumfa: wannan farin mai ɗigo-ɗigo da gangan ake yin sa, ado ne, masu tara kwalabe ma suna kwatanta shi da zubar ƙanƙara. An yi shi a ƙarni na 18, an yi a na 19, kuma yau da safen nan ma wani yana can yana hura irinsa. Bai nuna tsufa ba, bai nuna sabunta ba.

Sauran taba a ciki: wannan ai ko yaro zai iya zubawa ya girgiza ya bar ta a rana. Masu sayarwa sun san abin da mai saye yake son gani.

Sunan sarki: a nan ne ma na fi ɗaga gira. Haruffa huɗun nan ma'anarsu an yi a zamanin Qianlong, kuma babu tambarin da aka fi kwaikwaya a kayan Caina kamarsa, tun ƙarni na 19 ake buga shi a kan kayan da ba su taɓa ganin fada ba. Wani gwani a Beijing mai suna Ye Bengqi, wajen shekarun 1930, ya yi kwalaben gilashi masu fenti da tambarin Qianlong da suka ruɗi manyan masana shekara da shekaru. In irin su sun ruɗu, ina ga ni da kai. Sannan da yawan tsofaffin kwalabe na gaske masu irin sassaƙar nan ba su da rubutun komai a gindi. Ni in na ga tambari a kan kwalbar yuan 800, hankalina ƙara tashi yake ba kwanciya ba.

Ita kuma ta miliyan 25 ɗin gaskiya ne an yi, kamfanin gwanjo na Bonhams ne ya sayar, daga tarin Mary da George Bloch ta fito. Amma ba sassaƙa ba ce, zanen fenti ne da aka gasa a jikin gilashi, aikin fada, kuma an san hannun da ta bi kafin ta iso teburin gwanjo. Takardun da ke nuna hannun da ta bi ɗin nan rabin kuɗin ne. Kakan mai shago ba takarda ba ne.

Maman_Nusaiba ta rubuta:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai in ƙara da abin da za ka iya yi da kanka a ɗaki yau ɗin nan, Malam Abban Sadiq, don ni ma ina ɗan taɓa tara su kuma haka nake yi kafin in fitar da ko sisi.

Ka nemi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninki 10 ya isa, ka kunna tocilar wayarka ka haska ta gefe ba ta sama ba. Kar ka tsaya kallon jemagun, kowa can yake kallo kuma can mai yi ya fi ƙawatawa. Kalli farin da ke tsakaninsu, lungu-lungun da ke ƙarƙashin fiffike da tsakanin ganye. A aikin da mai kyau wurin a shafe yake sumul, an bi shi an goge har kusurwa. A na sauri za ka ga ƙasan yana hawa da sauka, ga layuka-layuka a jere duk sun nufi waje ɗaya inda injin lantarki ya bi, wani wurin ma da guntun ja da aka manta ba a cinye ba. Wasu kuma asid suke tsoma ta don su huta da guga, sai ka ga duk bakin sassaƙar ya yi dulu-dulu ya narke, babu kaifi ko ɗaya, tana wani irin sheƙi na maiƙo.

Sai ka kifa ta ka duba zoben gindin da take tsayawa a kai. Masu aikin da suna ba shi haƙƙinsa, kaurinsa ɗaya duk zagaye, kuma jan yana tsayawa daidai inda ya kamata. Kalli goguwar da ke wurin: abin da ya yi shekara 200 ana ajiyewa ana ɗauka, ƙarce-ƙarcensa ko ta ina suke, wani gajere wani dogo wani ya haye wani. In ka ga duk sun tafi layi ɗaya, an goga ta ne a kan takardar yashi. Bakin ma ka duba, ramin ya zauna a tsakiya ko ya karkace.

Murfin kar ya dame ka, ba ya shaidar komai, yawancin tsofaffin kwalabe murfinsu na asali ya daɗe da ɓata an sake musu wani.

Wanki kuwa a'a, musamman ruwan zafi, gilashi biyu ne a haɗe kuma in akwai tsagar da ido bai gani ba zafin zai buɗe ta. Tsumma mai laushi a waje ya wadatar. Wasu tsofaffin gilasan, musamman na farko-farkon masana'antar fada, suna da wata cuta da za ka ga jikinsu ya yi 'yan tsage-tsage sirara birjik saboda haɗin bai daidaita ba, irin waɗannan danshi ne babban maƙiyinsu. In kuma wata rana ka sayi irin mai zane ta ciki, wadda ake zura ɗan lanƙwasasshen buroshi ta baki a yi zanen a bangon ciki, to ɗigon ruwa ɗaya ya shiga zanen ya tafi kenan.

Abu na ƙarshe da ba wanda ya faɗa maka. Tun 2007 dokar Caina ta hana fitar da kayan tarihin da aka yi kafin 1911 daga ƙasar. Kenan in maganar mai shagon gaskiya ce, ba ka da ikon hawa jirgi da ita. Ga kuma cokalin, in hauren giwa ne wata rigimar ce daban, don Caina ta rufe cinikin hauren giwa a cikin gida tun ƙarshen 2017 kuma kwastan na ƙasashe da yawa ba sa wasa da shi. Ka duba shi ma: ƙashi yana da 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe da ramuka ƙanana, haure yana da layuka masu gittawa juna in ka kalli inda aka yanke, roba kuwa sumul take ba komai. Kar ka bi masu cewa a ɗana masa allura mai zafi, ɓata kaya ne kawai.

Abban_Sadiq ya rubuta:

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri, Baba da Hajiya na gode ƙwarai. Ɗan Harka kai kuma ka sa har na fara tunanin irin motar da zan saya.

Na samo gilashin a wurin abokin nawa na zauna na yi yadda Hajiya ta ce. Ga abin da na gani. Jemagun kansu ba laifi, har da 'yan idanu da layin fiffike, amma ƙarƙashin fiffiken na biyu daga sama akwai layuka sirara a jere kusan shida duk sun kwanta gefe ɗaya, kuma farin wurin bai da sheƙi kamar sauran jikin. Tsakanin ganye biyu akwai ɗan ja da ya rage kamar tabo. Zoben gindin gefe ɗaya ya fi kauri, in na tsayar da ita a tebur tana ɗan rawa kaɗan. Ƙarce-ƙarcen gindin kuma wlh duk hanya ɗaya suka bi. Rubutun sarkin da na kalla da kyau harafi na ƙarshe ya fi sauran girma, bakin layukan a ɓarɓashe. Jan in na ɗaga shi a hasken taga yana ɗan komawa ruwan lemo a inda ya yi siriri. Cokalin ina ganin 'yan ɗigon baƙin nan, to ƙashi ne kenan?

Ni dai har yanzu tana burge ni gaskiya, ba na jin zan mayar, ko na koma ma ban san ko zan gane rumfar ba. Baba a ganinka ta wace shekara ce, kuma 800 ɗin an kwashe ni sosai ne ko da dama-dama?

Baba_Mai_Kwalabe ya rubuta:

Madalla, ka iya kallo, mutane da yawa sai su ga abin da suke so su gani. Ba a yanke wa kwalba hukunci daga nesa, sai an riƙe ta an ji nauyinta an juya ta a haske, amma da wannan bayanin naka ni zan cire Qianlong daga lissafi gaba ɗaya. Mai sassaƙar fada ba zai bar kwalba tana rawa a tebur ba, ba kuma zai bar harafi ɗaya na sunan sarki ya fi 'yan'uwansa girma ba, a wurin da ake mayar wa ma'aikaci da kaya a ce ya sake. Layukan da ke ƙarƙashin fiffiken sun fi kama da aikin injin lantarki. Jan da ke karkata zuwa ruwan lemo shi kaɗai ba hujja ba ne, amma in ka haɗa shi da sauran yana ƙara nauyi a ɓangaren sabunta, domin jan zinari in ya yi siriri ya fi komawa ruwan hoda. Zato na mafi ƙarfi aikin 'yan shekarun nan ne, ko dai rabin ƙarshe na ƙarni na 20, da aka ɗan tsufar da shi da gangan. Cokalin in dai ɗigon nan kake gani ƙashi ne, ka huta da wannan.

Kuɗin kuwa, ka biya fiye da abin da ɗan gari zai biya, wannan babu tantama, tunda mutumin da ya faɗo daga 3,000 zuwa 800 bai yi asara ba duk dafe ƙirjin da ya yi. Amma ba zan ce ka sayi banza ba. Gilashi biyu ne da gaske, an hura an tsoma an sassaƙa da hannun mutum, akwai waɗanda suka fi ta muni da ake zubawa a mazubi kawai har kana ganin layin haɗin a gefe, wasu ma roba ce. Kuma ita wannan za ka iya sa ta a jaka ka wuce filin jirgi hankali kwance, sai dai ka ajiye rasit in ya ba ka, ko da za a tambaya.

In abin ya shiga ranka, tunda kana Beijing ka leƙa gidan tarihin fada, suna da tarin kwalaben sarakuna, haka na Taipei, da Victoria and Albert a Landan, da Chester Beatty a Dublin da ke da ɗaruruwa. Manyan kamfanonin gwanjo ma suna barin hotunan abin da suka sayar a intanet, har da hoton gindi da baki, su za ka fi zuba wa ido ba farashin ba. Akwai kuma ƙungiyar masu tara kwalaben ta duniya da aka kafa a Amurka a 1968, suna fitar da mujalla. Ni shawarata ka nemi hotunan aikin Yangzhou na ƙarshen ƙarni na 19, su jan nasu ko baƙin siriri ne ƙwarai, sassaƙar ba ta da tudu sosai, sai ka ga tsuntsu a kan reshe da ɗan hatimi a gefe kamar an zana da alƙalami. Sa hoton ɗaya a allo ka riƙe taka kusa da shi, ka kwatanta lungun ganye da lungun ganye.

'Ya'yan itacen da ka ambata a jikin kwalbar, in yana da ɗan tsini a ƙasa da tsaga a gefe to wanda Turawa ke kira peach ne, a wurinsu alamar tsawon rai ce, jemagu biyar kuma albarkoki biyar. Shi ya sa ake yawan ba da irinta kyauta ga dattijo ranar murnar haihuwarsa.

Dan_Harka88 ya rubuta:

To shikenan Baba ka rushe mana kasuwa, ni da har na fara zaɓar kalar motar da za a ba ni aro. Amma tsakani da Allah na ƙaru, ban taɓa sanin cinye jan ake yi ba, na ɗauka ɗora shi ake. Hajiya Maman Nusaiba tambaya ɗaya, waɗancan masu zane ta ciki da kika ambata, ta wannan ɗan mitsitsin bakin ake zura buroshin a zana mutum har da gemu? Kuma su ma akwai na da da na yanzu ne? Don na ga wani abokina da guda biyu a mota yana ta cika baki da su.

Maman_Nusaiba ta rubuta:

Ta bakin nan dai, kuma a juye ake zanawa tunda ta waje za a kalla, ana fara gurje cikin ya yi kaushi don fenti ya kama. Na da akwai, irin su Zhou Leyuan da Ma Shaoxuan da suka yi tashe a Beijing daga ƙarshen ƙarni na 19, amma yau a garin Hengshui na lardin Hebei sana'a ce ta dubban mutane, kuma sa hannun waɗancan biyun shi ma ana kwaikwayarsa kamar na sarkin. Ka ce wa abokin naka ya fitar da su daga mota, zafin rana yana kashe kalar. In zai yarda ka ɗauko mana hotonsu gaba da baya da gindi, ka buɗe sabuwar tambaya don kar mu cika wa Abban Sadiq tasa.